Ɗiyar Wani Abokina

A Kebbe, in za a ba da 'ya aure, magana ba ta ƙarewa sai an ji ta bakin Malam Dikko. Ba limami ba ne, ba hakimi ba, ko sarautar unguwa ba shi da ita. Manomi ne kamar kowa: gero da dawa a tudu, shinkafa kuma a wata fadama da ubansu ya bar musu shi da ƙanensa Ɗan'iya. Amma Allah ya ba shi wata baiwa, wato iya binciken aure. In saurayi ya fito neman 'yar mutum, daga Jabo yake ko Sanyinna ko cikin garin Tambuwal, Malam Dikko ake biya wa kuɗin babur a ce ya je ya gano asalinsa da halinsa.

Yana da tsarinsa, kuma ba ya sauya shi don kowa. Ba ya taɓa shiga gidan da ake bincike a kansa. Cewa yake gida in ya ji baƙo na tafe shara yake yi, a tura tsummokara ƙarƙashin gado. Sai ya sauka can nesa, ya zauna teburin mai shayi, ya sayi rabin burodi, ya ɗauko zancen damina. Daga damina ya gangaro kan tsadar taki, daga taki a faɗa kan waɗanda suka ci bashi suka ƙi biya. Kafin shayin ya huce an zazzage masa saurayin tas, har da abin da bai tambaya ba. Abin da ya fi ba muhimmanci kuwa shi ne matan da suka riga suka shiga gidan. Sun yi kyan gani ne ko sun bushe? In za su biki, zanensu suke ɗaurawa ko na aro? Bai taɓa karɓar komai a kan wannan aiki ba sai goro, in ya dawo kuma ba ya ƙara gishiri, ba ya ragewa. Shi ya sa samarin yankin in sun hango shi a bayan babur sai kowa ya gyara zaman hularsa.

Sunansa na yanka Nu'umanu, amma in ka nemi Nu'umanu a Kebbe sai a yi ta kallon-kallo. Ɗan fari ne, gidansu kuma gida ne da ake riƙe kunyar ɗan fari riƙo na gaske. Ubansa bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. In zai aike shi, sai ya dubi bango ya ce wani ya je ya ba jaki ruwa. Har tsohon ya koma ga Allah, "kai" ce kawai tsakaninsu. Malam Dikko kan ce wannan ita ce tarbiyya, kuma shi abin bai taɓa damunsa ba. Allah ya yafe masa, ba gaskiya ba ne. Ya dame shi ƙwarai, musamman ranar da tsohon zai cika, yana riƙe da kansa a cinya yana jiran ya ji sunan ko sau ɗaya, bai ji ba.

Duk da haka, da Allah ya ba shi tasa 'yar farin, Raihanatu, sai ya ɗora daga inda tsoho ya tsaya. A bakinsa sunanta "waccan" ko "yarinyar gidan nan". Matarsa Hindatu ma haka, ko da yake ita takan saci jiki ta yi mata kitso a ƙuryar ɗaki. Duk wata hidimar yarinya, daga sayen littafi zuwa karɓo sakamakon jarrabawa, a wuyan baffanta Ɗan'iya take, kamar yadda al'ada ta tanada. Malam Dikko ne ke miƙa kuɗin a ɓoye, Ɗan'iya ke shan godiya a fili, kuma kowa ya gamsu da rabonsa.

Raihanatu ta tashi da kai mai ja. Tun ranar da ta raka kakarta asibiti a Tambuwal, ta ga wata mata cikin farar riga ta ɗebi ɗigon jini ta leƙa a na'ura ta faɗi abin da ke damun tsohuwar, ta ƙudurta wannan aikin za ta yi. Ta zauna jarrabawar shiga jami'a ta ci, ta sake zama ta sake ci, amma gurbi a jami'ar gwamnati ya ƙi samuwa, masu nema sun fi kujerun yawa. Ƙawayenta suka wuce, ita tana gida tana surfe. Daga nan aka fara zancen jami'ar kuɗi.

Nan Baffa Ɗan'iya ya miƙe tsaye. Mai sayar da taki da maganin feshi ne a kasuwar Kebbe, mutum mai faɗin zuciya, bakinsa kuma ya fi zuciyar faɗi. Yana son Raihanatu kamar ransa. Wani ya nuna masa hoton wata jami'a a waya: ƙofa ta gilashi, ruwa na tsartuwa sama a tsakiyar fili, ciyawa kore shar a tsakiyar rani. Nan take ya yanke hukunci, kafin la'asar kuma duk layin masu taki sun ji inda 'yarsa za ta. Da aka faɗa masa kuɗin shekara ɗaya, sai da ya nemi benci ya zauna. Ya tambayi bashin karatun nan na gwamnati da ake ta zance a rediyo, aka ce masa wannan na ɗaliban makarantun gwamnati ne, bai shafi na kuɗi ba. Bai karaya ba. Ya je Tambuwal ya sami wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi, suka shirya za a jinginar masa da fadama: ya ba da kuɗi, ya ci gaba da noma ta har ranar da aka biya shi. Aka sa rana, Juma'ar farko bayan an gama yankan shinkafa.

A zaure Ɗan'iya ya kawo wa yayansa labarin, yana ta washe baki. Fadamar nan ita ke ciyar da gidajensu biyu, kuma ya san gonakin da aka jinginar tun yana saurayi waɗanda har yau ba su dawo hannun masu su ba. Abin da ya fi wannan ci masa rai, ba wanda ya san ko makarantar za ta riƙe yarinyar amana. A tafi da fadama, yarinya kuma ta dawo hannu rabbana? Amma maganar 'yar fari ce, al'ada ta ɗaure masa baki. Sai ya dubi ƙasa ya ce wa ƙanen nasa shi ya sani, ai ɗiyarsa ce. Ranar ko taɓa tuwonsa bai yi ba.

Hindatu ta lura. Washegari tana talge, ba ta dube shi ba, sai ta shaida wa tukunya cewa ta ji an ce wai makarantun da ke koyar da irin wancan karatun guda uku ne malamin su waccan ya ambata, ta kuma jero wa tukunyar garuruwan da suke. Malam Dikko shi ma ya gyara murya ya shaida wa turmi cewa tafiya ta kama shi, wani abokinsa ne ɗiyarsa ta sami manema uku, an roƙe shi ya je bincike. Hindatu ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da soyayyen gari a leda, ba ta tambayi ko wane aboki ba ne. A tasha ma masu babur suka yi masa fatan alheri, suka ce a gaishe da abokin, suna ƙunshe dariya.

Da mai ƙofar gilashi ya fara, tunda ita ce ta kawo kuɗin gaisuwa, in ji shi a ransa. Tafiyar yini guda ce a mota. Washegari da safe ya iske wurin ya ma fi hoton kyau, sai da ya tsaya ya yi tasbihi. Amma bisa tsarinsa ko kusa da ƙofar bai je ba. Ya nemi mai shayi, babu. Ya nemi masallacin unguwa, babu unguwar ma, katanga ce kawai ta miƙe iya ganin ido. Sai ya sami gindin wata bishiya daura da ƙofa ya shimfiɗa rawaninsa ya zauna. Direban da ya fito shan iska, Malam Dikko ya matsa ya yi masa zancen damina, ya gangaro kan ko 'ya'yan su wa ke ciki. Mai shara ya fito zubar da shara, ya tambaye shi ƙarfe nawa iyaye ke zuwa, kuma da wace irin mota.

A Kebbe wannan shi ake kira iya zance. A bakin makarantar 'ya'yan manya, a wannan zamani da kowa ke kwana da ido ɗaya, sunansa daban. Bai ankara ba sai ga masu gadi biyu a kansa, suka tasa shi gaba zuwa ɗakinsu, leda da rawani da komai.

Shugabansu ya zaunar da shi a benci ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Ya ce bincike ya zo yi. Wa ya aiko shi? Wani abokinsa. Sunan abokin? Malam Dikko bai iya ƙarya ba, bai kuma taɓa tunanin za a nemi sunan abokin da babu shi ba. Shugaban ya ce to shi ke nan, ya faɗi sunan yarinyar da za a kawo, in tana cikin waɗanda suka nemi shiga za a duba, a sallame shi yanzu-yanzu. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da ƙofa. Aka yi lallashi, aka yi tsawa, aka ambaci 'yan sanda. Mutumin da ya sa rabin samarin Tambuwal rawar jiki ya zauna kan bencin nan daga hantsi har bayan azahar, ya gwammace a kai shi duk inda za a kai shi da ya furta sunan 'yarsa ta fari gaban baƙi.

Canjin masu gadi ne ya cece shi. Cikin waɗanda suka karɓi aiki akwai wani ƙato mai saje, yana shigowa ya tsaya cak, sannan ya durƙusa har ƙasa.

"Baba Dikko, mi ya kawo ka nan? Ni na, Isah na Sanyinna. Kai kab bincike ni lokacin aurena, har kac ce musu mai shayi na bi na bashi."

Malam Dikko ya ce ai kuwa ana bin sa, amma ya kuma faɗa musu yaron kirki ne, ba ga shi an ba shi ba. Isah ya yi wa shugabansa bayanin kunyar ɗan fari, shugaban wanda ba ɗan yankin ba ne ya yi ta girgiza kai yana dariya, ya sa aka kawo wa tsoho lemo.

Da suka keɓe, Isah ya biya ladan aurensa da gaskiya tsantsa. Ya ce karatu kam ana yi, ba mai musu. Amma kuɗin da ake faɗa a waya somin taɓi ne. Bayansa akwai na ɗaki, abinci dole a ciki za a saya, ga na ɗakin gwaji, ga na tufafi, kuma kowace shekara sai an ƙara. Masu shi ba sa ko ji a jikinsu. Irinmu kuwa, in ji Isah, shekarar farko uba kan zo da babbar riga yana raba wa masu gadi goro; shekara ta uku ka gan shi bakin ofis yana roƙon a ɗaga masa ƙafa. Ya ga yaran da suka kwashe kayansu a tsakiyar karatu, ba takarda, ga bashi a gida. Waɗanda suka gama fa? 'Ya'yan manya aiki na jiransu tun kafin su shigo. Sauran kuwa in sun je asibiti neman aiki, albashin da ake ba kowa shi ake ba su, ba wanda ke tambayar ko ƙofar makarantarsu ta gilashi ce.

Ta biyu ba ta ci masa lokaci ba. Ita ce mai araha, wadda ake ta talla a rediyo. Wanda ya ɗauko shi a babur daga tasha yaro ne mai ladabi, Turanci na zuba a bakinsa in ya amsa waya. Zancen damina bai yi nisa ba ya gane ashe a can yaron ya gama, kuma irin karatun da Raihanatu ke so ya yi. Hukumar da ke ba ma'aikatan gwaji lasisi ba ta amince da kwas ɗin nasu ba, tun suna aji ɗaya ake ce musu izini na hanya, har yau bai iso ba. Takardarsa na cikin akwati, shi yana kan babur yana biyan bashin da uwarsa ta ci. Malam Dikko ya leƙa ginin daga nesa, ya ce wa yaron ya juya da shi tasha, ya ninka masa kuɗin ɗauka don tausayi.

Ta uku tsohuwa ce, fentinta ya koɗe, itatuwan dogon yaro sun cika harabar, har da awakin maƙwabta suna kiwo a gefen katanga. Nan ya ji shi a gida, don akwai mai shayi, akwai masallaci, akwai mata masu sayar da abinci. Kuɗinta ma ba wasa ba ne, sai da ya ja numfashi da ya ji. Amma kowa ya faɗa masa abu ɗaya: abin da aka ce shi ne, ba a ɓullo da wani daga baya, kuma ana karɓa kashi-kashi, iyayen ƙauye da yawa sai bayan kaka suke cikawa. Aibinta ma bai ɓoyu ba. Ruwa na wahala a ɗakin kwanan 'yan mata, miyar makarantar kuwa mai shayi ya ce ko awakin ba sa marmarinta.

Saura babban bincike, wato ganin matan da suka riga suka shiga gidan. An ce masa ɗaliban wurin sun cika asibitocin garin. To yaya baƙon tsoho zai zauna da ma'aikaciyar gwaji ya yi mata zancen damina? Hanya ɗaya ya gani. Malam Dikko, wanda tun yana yaro in masu rigakafi sun shigo gari yake hayewa rumbu, ya shiga wani ƙaramin asibiti ya ce a gwada jininsa. Ya rintse ido, aka soka allura, yana ta salati, tsakanin salati da salati yana tambayar yarinyar inda ta yi karatu. Ya fito ya shiga na gaba, ya miƙa ɗaya hannun. A na uku ya tarar da wata mai suna Mu'minatu, wadda ta dubi auduga a hannun dama, ta dubi auduga a hannun hagu, ta ajiye allurarta ta ce ya faɗa mata gaskiya.

Ya faɗa mata, ita ma ta faɗa masa. Ta ce kada kowa ya ruɗe shi, albashin farko ba wani abin a zo a gani ba ne, shekarun farko sai da haƙuri. Amma tana da lasisinta, ba ta taɓa zaman wata uku ba aiki ba, ba a bin ubanta ko sisi, bara ma ta saya wa uwarta injin markaɗe. Ya saci kallon takalminta da mayafinta, ya ga nata ne, ba na aro ba. Ta tambaye shi 'yar wa za a kawo. Ya ce ɗiyar wani abokinsa.

"Baba," in ji ta, tana murmushi, "na daɗe a aikin nan, ban taɓa ganin wanda ya yi ta ba da jininsa saboda 'yar aboki ba."

Ta ce tunda ya riga ya biya, bari dai ta gwada. Sai ga shi ashe da zazzaɓin sauro a jikinsa bai sani ba. Ya dawo Kebbe da magani a aljihu, da hannaye biyu masu tsami, ranar Alhamis, ana gobe jingina.

Bayan an sauko Juma'a suka zauna a zaure shi da Ɗan'iya da dattawa biyu da aka kira shaida. Wakilin Alhaji sai bayan la'asar zai iso. A cikin gida, bayan bangon zauren, ana jin Hindatu da Raihanatu suna sheƙar sabuwar shinkafa. Malam Dikko ya yi gyaran murya ya ce kafin baƙo ya zo, yana da labarin wani bincike da ya yi wa abokinsa, ko za a ƙaru. Ya kwashe komai ya faɗa, bai ƙara gishiri ba, bai rage ba, har zaman benci da allurai, dattawa na ta dariya suna share hawaye. Ya ce in shi ne abokin nan, na ukun zai ba. A sayar da shanun huɗan da ake da su a biya kashin farko, shinkafar kowace kaka ta riƙa cike sauran. Za a sha wuya, za a koma noman hannu, amma fadama na nan, yarinya kuma za ta fito da abin da za ta ci abinci da shi.

Ɗan'iya kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya riga ya ba Alhaji baki, ya cika kasuwa da labari, ga shi kuma an zagaya ta bayansa. Ransa ya ɓaci, kuma yana da hujja. Ya ce tun yarinyar nan na goye shi ke ɗawainiya da ita, shi ya san lambar takalminta, shi ya san ranar da ta yi kuka don sunanta bai fito ba. Shi ba zai kai 'yarsa inda awaki ke kiwo ba alhali ga inda 'ya'yan manya suke.

"Yaya, kai kac ce ɗiyata ta, cikin zauren ga. In zancen ɗiyar abokinka kaka yi, to abokin shi zo shi faɗi da bakinai. In tawa ta, na gama magana, fadama kuwa yau za a ba da ta."

Dattawan suka sunkuyar da kai, don a al'ada Ɗan'iya ne da gaskiya. Daga waje aka ji ƙarar babur ya tsaya, wakilin Alhaji ya iso tun kafin la'asar. Malam Dikko ya dubi bango, irin duban da ubansa ke yi in zai aike shi. Ya tuna bencin masu gadi, ya tuna kan tsoho a cinyarsa. Da maganar ta fito, ta fito da ƙarfin da shi kansa bai yi niyya ba.

"Babu wani aboki, Ɗan'iya. Ɗiyata nika faɗi. Raihanatu."

Sai ƙarar faifai ta tsaya a bayan bango. Wata murya ta amso, a ɗan tsorace, kafin mai ita ta yi tunani, don an koya mata in babba ya kira suna a amsa.

"Na'am, Baba."

Ga ta nan ta leƙo bakin ƙofar zaure, ƙaiƙayi a mayafinta, ta durƙusa tana jiran aike. Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a wannan muryar ba, idonta ya ciko, ta rasa inda za ta sa shi. Ɗan'iya ya dubi yayansa, ya dubi yarinyar. Ya miƙe yana goge fuska da hannun riga, ya ce bari ya je ya ba wakilin Alhaji haƙuri da kuɗin mai, kuma awaki ai ba su hana karatu.

Aka bar Malam Dikko da 'yarsa durƙushe a gabansa. Ya kira, an amsa, dole a yi aike, shi kuwa ba shi da abin da zai aike ta. Ga kwanon sha cike da ruwa a gefen ƙafarsa, kowa na gani. Ya lalubi aljihu, ya taɓo maganin zazzaɓinsa.

"Kawo min ruwa in sha magani, Raihanatu," in ji shi, wannan karon a hankali, kamar mai ɗanɗana sabon abinci.

Ta tashi da gudu ta kawo. Ya karɓa daga hannunta, ya shanye tas, ya manta bai sa maganin a baki ba.